Inna Ta Goya Tsoro Zuwa Maradi

A ƙauyenmu, can arewa da Cadawa, idan ka tambayi wace mace ce ba ta da tsoro, kafin ka rufe baki an nuna maka ƙofar gidanmu. Mahaifiyata ita ke wanke gawar mata tun ina yaro. Na taɓa ganinta ta haura rumbu da taɓarya tana bin maciji, maza suna tsaye can nesa suna ba ta shawara. Da ta fito da shi a rataye, sai ta tambaye su ko akwai wanda ke son ya ƙara wata shawarar.

Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta kiran sunana, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye. Ni "wancan" ne. Da na zama malamin lakol, wato makarantar boko, a Agiye sai na sami ƙarin girma, na koma "mushen ku", don "mushe" 'yan lakol ke kiran malaminsu da Faransanci. In tana son in ci abinci, bango take gaya wa cewa akwai tuwo a rufe. Ni ma bangon nake yi wa godiya, kuma mun daɗe muna zaman lafiya a haka.

Shekarun baya Inna tana da aminiya, tare suke soya ƙuli-ƙuli, tare suke kai man gyaɗa kasuwar Agiye. Wata rana suna dawowa tayar mota ta fashe, motar ta ƙwace ta faɗa rami. Inna ta fito da ƙujewa a gwiwar hannu, aminiyarta kuwa ta cika a jikinta kafin mutane su iso. Inna da kanta ta wanke ta, ba wanda ya ga hawayenta, gari ya yi ta yaba tawakkalinta. Daga ranar ba ta sake shiga mota ba. Ba mu ma lura da wuri ba, don duk inda za ta, ko ta taka da ƙafa ko ta hau amalanke, kuma kullum tana da dalili mai kyau.

Sai idanunta suka fara yin yana. Da farko abin dariya muka ɗauke shi. Ranar da ta tsaya a zaure ta gaida buhun gero, har tana tambayarsa mutanen gida, jikokinta sun yi dariya har da birgima, ita ma ta taya su. Amma da ta sa hannu cikin garwashi tana laluben ludayi, dariya ta ƙare. Na sa aka kai ta likita, wato asibitin Cadawa, a amalanke. Ma'aikacin da ya duba ta ya ce yana ce ta nuna a ido biyu, ana cire ta a Maradi cikin ɗan lokaci, in kuma aka bar ta Inna za ta makance. Maradi ba nisa gare ta ba a mota. Matsalar ita ce motar.

Inna ba ta taɓa cewa ba za ta ba. Cewa ta yi wa zai duba mata awaki. Na samo mai duba awaki. Ta ce warin esansi, man mota, na tayar mata da zuciya, na sayo lemun tsami cike da leda. Ta ce ba a barin gida ana tsakiyar noma, muka jira aka gama noma. Ta ce ta yi mafarki mara kyau, aka yi sadakar waina. Duk dalilin da ta kawo sai in tashi tsaye in kashe shi, ina jin kaina gwani, washegari ta haifi wani sabo fil.

Kawuna, ƙanenta, shi ya fara gane inda maganar take, sai dai ko shi bai iya kiran abin da sunansa ba. Ya zo ya zauna kan tabarma ya yi gyaran murya.

"Yaya, ke da ba ki tsoron gawa, ba ki tsoron maciji? Ki cire komi a ranki. Kwana in ya ƙare ko bisa gado mutum shike sai ya tahi. Ki yi haƙuri ki manta."

"Wa ya ce maka akwai wani abu a raina?" in ji Inna. Kawu ya sha hurarsa ya tafi, ya aiko da rubutu. Ta shanye rubutun tas, ta ce Allah ya saka, ta ce kuma akuyarta ta kusa haihuwa.

Ni ma na gwada tawa fasahar. Na zauna bayan danga na fuskanci bango, na yi masa darasi irin na aji: motoci nawa ke wucewa ta Cadawa kullum lafiya lau, yadda aka gyara hanya, yadda direban garinmu yake da natsuwa. Na yi bayani mai kyau, wallahi ko sufeton makarantu ya ji sai ya yaba. Da na gama sai na ji ta ce da jikarta, "Ki ce ma mushen ku in an tashi lakol, ga hura nan."

Ana haka wani mutum ya sauka garin, irin masu aikin ido na gargajiya da ke yawo ƙauye-ƙauye. Allura yake sawa ya tura yanar cikin ido, a tsakar gidanka, kan tabarmarka. Ya duba Inna ya ce tata ta yi daidai, zai zagayo idan an ɗaure gero. Inna ta yi murna kamar an ba ta kujerar Makka, ga aiki har gida ba mota. Ni kuwa ban yi murna ba, don na san wani tsoho a ƙauyen gaba da aka yi wa irin wannan aikin, ya ga haske na ɗan lokaci, daga baya idon ya mutu gaba ɗaya da ciwo mai tsanani. Matar da ta yarda a soka mata allura a ido tana kallo, ita ce ba ta iya zama a kujerar mota. Gero kuma ya riga ya fara ja.

Na kira autarmu a salula. Ita ma'aikaciyar jinya ce a wata likita wajen Gidan Rumji, inda mutanen da suka gudo wa 'yan bindiga daga tsallaken iyaka suka yi yawa. Na san an taɓa yi musu horo a kan yadda ake zama da wanda ya ga tashin hankali, wata mata mai ilimin damuwar zuciya ce ta koyar da su. Auta ta iso a kabu-kabu, ta zauna a zaure na zayyana mata duk ƙoƙarina, tun daga awaki har lemun tsami. Ta yi dariya har tana share ido.

"Yaya, ashe awaki kuka yi ta yi ma magani."

"To ke mi za ki yi?"

"Ɓarar gyaɗa," ta ce, ta shige ciki.

Da la'asar suka zauna gindin dogon yaro da faifai tsakaninsu. Ni ina bayan danga ina gyaran rediyon da ba abin da ya same shi. Sun daɗe suna hirar wanda ya haihu da wanda ya yi aure, sannan na ji Auta ta sauke murya.

"Inna, ni ban zo in ce ki shiga mota ba."

"Madalla. Kin hi su hankali."

"Tambaya ɗai gare ni. In anka ce mota, ina abin ke hwara kama ki?"

"Wane abu?"

"Abin."

Na ɗauka Inna za ta kawo zancen akuya. Can sai na ji ta buga ƙirji da tafin hannu.

"Nan. Kamar an aza mani dutsin niƙa. Sannan ƙahwahuna su mutu. Sannan in ji ƙarar tayar, yadda ta yi ranar."

A gidanmu, da ma garin duka, in mutum ya faɗi irin wannan, amsa ɗaya ce: Allah ya sawwaƙe, daina tunawa. Na buɗe baki zan faɗa wa dangar haka, sai na ji Auta ta ce, "Yanzu ma shina nan?"

"Ke kin kira shi, ba dole shi zo ba?"

"To bari shi zamna. Kada ki kore shi, kada ki bi shi. Mu ci gaba da ɓara, ki riƙa hwaɗa mani inda ya kai."

Suka ci gaba da ɓara. Jim kaɗan Inna ta ce ya hau wuya. Can ta ce ya koma ciki. Can kuma ta ce ya yi sauƙi amma bai tafi ba, ta faɗi haka da jin haushi, kamar Auta ta sayar mata da magani mara kyau.

"Ni hwa na gaji da shi," ta ce. "Na yi addu'a, na sha rubutu, na zage shi. Jira nike shi tahi, ranar da ya tahi in shiga motarku."

"In bai tahi ba hwa?"

"Shi ke nan, sai in makance."

"Ko ku tahi tare."

Inna ta ajiye gyaɗar hannunta, na ji faifan ya motsa.

"Goyo ke nan," ta ce a hankali. "Akwai wani da na taɓa goyawa, kuka tun daga ƙohwar gida har rijiya, har in dawo. Ban taɓa hwasa ɗibar ruwa don shi ba."

Na san wanda ake nufi. Na ƙara duƙufa kan rediyona.

Auta ta tambaye ta me take so ta gani idan idon ya buɗe. Na zaci za ta ce jikoki. Inna ta ce tsakuwa a cikin wake, don ta gaji da ba mutane abinci suna taunawa da addu'a. Sannan ta ce akwai tsofaffin mata a garin da suka bar mata wasiyya ita za ta wanke su, kuma kwanan baya an yi rasuwa ba a kira ta ba, don an san ba ta gani. Ban taɓa sanin abin ya ci mata rai haka ba, kuma na ji tausayinta ƙwarai.

Bayan sallar magariba na tare Auta a zaure. Na ce mata ai wannan haƙurin ne dai da Kawu yake ta faɗa, an canza masa riga. Ta ce a'a. Haƙurin da muke ba mutum, cewa muke ya danne, ya ɓoye, ya nuna mana ya warke don hankalinmu ya kwanta. Abin da aka koya musu shi ne tsoro da baƙin ciki ba su jin kora, kokawar da ake yi da su ita ke cinye ƙarfin mutum, har ya tsara rayuwarsa duka a kan gudunsu. Sai a taimaka masa ya bar abin ya zo, ya lura da inda yake a jikinsa, ya kira shi da sunansa, sannan ya taka zuwa abin da ya dame shi da gaske, abin na tare da shi. Ta ce ba kowa yake yi wa aiki ba, wasu sai an haɗa da magani, kuma ba a yini ɗaya ake yinsa ba. Na ce gero fa ya kusa. Ta ce ta gani a hanya.

Direban garinmu yana ajiye motarsa gindin tsamiya a ranakun da ba kasuwa. Auta ta roƙe shi ya bar ƙofofin a buɗe. Ranar farko Inna ta taɓa murfin ƙofar kawai ta juyo, ta ce ta bar tukunya a wuta. Auta ba ta yi gardama ba, ta ce, "Tukunyar ce ko shi ne?" Inna ta ce, "Shi ne, 'yar nema." Washegari suka koma. Sannu a hankali ta kai ga zama a kujerar baya, ƙafa ɗaya a ƙasa, faifan gyaɗa a cinya. Mata masu zuwa rijiya suna wucewa suna yi mata a sauka lafiya, tana ce musu su gaida mutanen gida, ita ta yi Maradi. Direba ya ce bai taɓa ɗaukar fasinja mai zubar da ɓawo kamar wannan ba, ga shi ba ta zuwa ko'ina.

Wata rana da hantsi, tana zaune a motar da ba ta motsi, sai ta kira aminiyarta da sunan da take kiranta, ta fashe da kuka. Kuka sosai, da murya, irin wanda ba ta yi ba ranar wankan. Garin ya rasa inda zai sa kansa. Masu dakan da ke kusa suka ƙara ƙarfin taɓarya, maza suka shiga duban sama ko akwai hadari. Kawu ya taho da sauri zai ba ta haƙuri, Auta ta tsaya a gabansa ta ce, "Kawu, don Allah bar ta. Kukan ga ya daɗe shina jira." Ya tsaya yana juya carbi, shi ma idonsa ya kawo ruwa. Da Inna ta gama ta fyace hanci da bakin zane, ta ce a miƙo mata faifanta.

Mai allura ya cika alkawari, ana ɗaurin gero ya iso da jakarsa. Ina Agiye aka kira ni, na taho a kabu-kabu ina addu'a. Na tarar da shi a zaure yana shan hura, Inna na tsaye daga ciki tana ce masa ya yi haƙuri, tana da tafiya. A bakin wannan baƙon muka ji cewa ta yanke shawara.

Da sassafe muka fito. Ta sa tufafinta na zuwa suna, sannan ta ɗauko wani zane ta ɗaura a ƙirji tamau, irin ɗaurin masu goyo. Ita da Auta suka zauna a baya, ni a gaba kusa da direba. Mota na tashi ta riƙe hannun Auta, gumi ya keto mata. Da muka hau babbar hanya a Cadawa sai ta fara ba da labari da ƙarfi: "Ya zo. Ya hau wuya. Ya sauka. Ga shi ya dawo." Wani dattijo da muka ɗauka a tasha ya matsa gefe yana karanta abin da ya sawwaƙa, ya kasa daurewa ya ce, "Baiwar Allah, wa ke hawa?"

"Tsoro ne, Malam," in ji Inna. "Nawa ne, ba shi taɓa kowa."

Dattijon ya ce in don wannan ne, shi ma yana da nasa, tun da ya ga yadda direba ke wuce manyan motoci. Mota ta ɗauki dariya. Inna ta yi amai a hanya, lemun tsamina bai tsinana komai ba, amma mun shiga Maradi tana zaune.

Aikin kansa ko a jikinta. Ido ɗaya aka fara yi, ta fito da auduga a manne tana cewa ita ba ta ga abin da ake ta zuzutawa ba. Muka kwana gidan dangi. Da safe aka cire audugar. Ta ƙyafta, ta ƙyafta, ta dubi hannuwanta gaba da baya. Ta dubi Auta ta ce ta rame, ba ta cin abinci. Ta dubi bangon da ke bayana ta daɗe, sannan ta ce, "Auta, yaushe wancan ya yi hurhura haka?" Aka ba ta baƙin tabarau da maganin ɗigawa, muka nufi tasha ina ta washe baki, a zatona an gama.

A cikinmu ba wanda ya yi tunanin yadda tafiyar komawa gida za ta kasance. Da za mu zo, Inna ba ta ganin hanya, jin ta kawai take yi. Yanzu kuwa ga ido sabo. Muna fita gari wata babbar mota shaƙe da buhuna ta taho tana rangaji, ta wuce mu har motarmu ta girgiza, Inna ta gan ta tun daga nesa har ta iso. Ta yi salati da ƙarfi. Jikinta ya ɗauki ɓari, haƙoranta na haɗuwa, farcenta ya shige hannun Auta. Wata ta sake tahowa, bayanta wata. Wannan karon ko labarin inda ya kai ba ta iya bayarwa.

Na kasa jurewa. Na juyo daga kujerar gaba, na kama bakin mayafinta zan ja mata shi kan fuska, na ce da Auta ta gaya mata ta rufe ido har mu kai, ba wanda zai sani.

Inna ta riƙe mayafin da ɗaya hannun. Ta juya fuskarta wajen taga, inda amalanke ke tafe a gefen hanya da dammunan gero, wata mata da jan zane na biye da shi da ƙwarya a ka. Hawaye na gangarowa ta ƙarƙashin baƙin tabarau.

"Auta, ki ce ma wancan shi sakar mani mayahi," ta ce. "Tsoron na nan, ya hi na jiya. Amma ina gani."

Na saki. Na juya na fuskanci hanya, don ni ma kuka ya zo mini, kuma ban kore shi ba.